Ta ina zan fara haɗa turaren da za a ce nawa ne?

"Assalamu alaikum Hajiya. 'Yarki ce daga Kusiri. Na koyi haɗa humra da turaren wuta a hannun goggona, yanzu ina sayarwa a gida da kuma ta WhatsApp. Damuwata biyu ce. Masu saye suna cewa ƙamshin da daɗi amma ba ya jimawa a jiki. Sannan duk abin da na haɗa sai in ji ya yi kama da na kowa a kasuwa, alhali madarar turare kala bakwai ko takwas nake zubawa, masu tsada ma. Ina so in yi turaren da idan mace ta gifta za a ce wannan haɗin wance ne. Ta ina zan fara? Ko sai na je makaranta a waje?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa wa sana'ar albarka, ya saka wa goggonki da alheri, don ba kowace uwa ke sakin sirrin humrarta ba. Kin kawo ƙorafi biyu, ƙamshi yana gudu kuma ba shi da kamannin kansa, kina neman kowanne da maganinsa. Ni a wurina ciwon ɗaya ne, kuma da bakinki kin faɗi inda yake: madara kala bakwai ko takwas. Maganar makaranta zan zo kanta, amma ba ita ce a gaba ba.

Abin da ke cikin kwalbar madara

Madarar da muke saya a babbar kasuwar Marwa, ko a Injamena, ko wadda 'yan kasuwa ke shigo mana da ita daga Kano da Maiduguri da Dubai, ba ɗanyen kaya ba ce. Gamammen turare ne, wani ya riga ya zauna ya auna shi, galibi da sinadarai gommai a kwalba ɗaya. Manyan gidajen da ke ƙirƙirar irin wannan haɗi a duniya 'yan kaɗan ne, irin su Givaudan a Suwizalan, IFF a Amurka da Symrise a Jamus, sai ɗimbin ƙananan masana'antu da ke bin bayansu suna kwaikwayo. Kwaikwayon ma ya daina wuya, tunda akwai na'urar da ake ba ta ɗigon turare ta fayyace abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa turare zai fito a Faransa, ba a jima ba ki ga madararsa a teburin mai turare a bakin tasha.

Abin da yawancin masu haɗawa ba su lura da shi ba, waɗannan madarori sunayensu ne daban-daban, gindinsu kusan ɗaya ne. Za ki tarar da miskin masana'anta irin Galaxolide, wanda shi ne kuma kike ji a omo da sabulun wanka, da zaƙin banila, da wani sinadari mai ƙamshin katako da ake kira Iso E Super, wanda IFF ta ƙirƙira a 1973. Abin da ya raba wannan madara da waccan ɗan kaɗan ne a sama, nan fure, can ɓawon lemo, can kayan yaji. Idan kika zuba takwas a mazubi ɗaya, 'yan bambance-bambancen nan sai su danne juna, abin da suka yi tarayya a kansa kuma ya ninku. Maƙwabciyarki ta zuba nata takwas ɗin, ko da ba irin naki ba ne, inda kika sauka nan za ta sauka. Tsada ba ta fitar da ke daga wannan, sai dai ta ƙara miki kuɗin kaya.

Me ke sa ƙamshi gudu

Kowane abu mai ƙamshi da saurin tashinsa. Ɓawon lemo da na'a-na'a cikin mintoci suke tafiya, fure da kayan yaji su yi 'yan awanni, itace da ƙaro da miski da farcen turare kuwa sai su kwana, a tufafi ma su yi kwanaki. Wannan ne masu sana'a ke kira kan turare, cikinsa da gindinsa. Zafi yana gaggauta duka ukun. Ke da kike Kusiri ba sai na gaya miki yadda Afrilu take ba, rana ta wuce digiri 40, iska kamar daga bakin tanda. Turaren da aka auna domin mai yawo cikin sanyin Faris, idan ya hau wuyan mace a gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Injamena da tsakar rana, kansa ya tafi kafin ta ƙetare. Da hunturu kuma wata matsalar ce, fata ta bushe, babu maiƙon da zai riƙe ƙamshin, shi ya sa nake ce wa masu sayena su fara shafa mai marar ƙamshi kafin humra.

Dalili na biyu sirki ne. Akwai wani ruwa fari marar ƙamshi da ake kira DPG, da shi ake tsinka madara. Shi kansa ba laifi ba ne, ni ma ina aiki da shi. Laifin shi ne madara ta bi hannu huɗu kafin ta iso gare ki, kowane hannu ya ƙara nasa, ki biya kuɗin madara ki tafi gida da rabinta. Kauri kuma ba hujja ba ne, don DPG ɗin ma yana da ɗan kauri, yana yaudarar ido.

Na uku, hanci yana gajiya. Mace ta shafa turare, bayan ɗan lokaci ta daina jinsa, alhali duk wanda ya shigo ɗakin yana ji. Akwai ma mutanen da wasu nau'o'in miski sam ba sa shiga hancinsu, haka Allah ya halicce su. Don haka idan an kawo miki ƙorafi, ki tambaya da ladabi: "Hajiya, ke kika daina ji, ko har mutanen gidan?" Amsar za ta nuna miki ko gyara na wurinki.

Yadda za ki raba gardama kuwa mai sauƙi ne. Ki sami farar takarda mai ɗan kauri, ki yanka ta siri-siri tsawon yatsa. Kowace madara da kike da ita ki ba ta tata takardar, ki rubuta sunanta da lokaci a gefe ɗaya, ki ɗiga ɗigo ɗaya tak a ɗaya gefen, ki jera su a bakin tebur ba tare da sun taɓa juna ba. Ki shinshina bayan minti 10, bayan awa ɗaya, bayan la'asar, kafin ki kwanta, sannan washegari da asuba kafin a hura wutar kicin. Duk abin da kika ji ki rubuta da kalmominki, ko da "kamar jiƙaƙƙen kwali" ne. Da safen nan za ki ga wasu takardun sun zama takarda kawai, wasu kuma suna nan, kuma za ki ji da hancinki yadda waɗanda suka rage suka koma kama da juna. Ki maimaita a ƙyallen lafaya da na atamfa, don yadi da takarda ba riƙonsu ɗaya ba.

Inda sunanki yake

Abin da ba wanda zai iya sayar miki a kwalba shi ne gindin da kika yi da hannunki. Mu a wannan yanki, daga Maiduguri zuwa Abeshe har Sudan, mun gaji wani abu da masu turaren Turai ba su da shi, wato aiki da hayaƙi da suya da tsimi. Sai ga shi 'yan zamani suna barinsa, suna sayen gari da aka riga aka daka, su tuttula madara a kai su ce humra. Ki koma wurin da goggonki ta fara.

Ɗauki farce. Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ana kawo shi daga wajen Bahar Maliya da gaɓar ƙasashen Larabawa. Ɗanyensa ƙarni yake, mai tayar da zuciya. Sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ya maƙale a bayansa ɗaya bayan ɗaya, an yi ta sauya ruwa har ƙarnin ya faɗi, an shanya a inuwa ya bushe sarai, sannan a zo suya. A nan ake gane hannu. Tukunya mai kauri, wuta kaɗan, wasu su zuba yashi mai tsabta don zafin ya bi ko'ina daidai, kina juyawa ba tsayawa. Za ki ga ya fara kumbura, ya yi sauƙi a cokali, launinsa ya koma ja mai duhu. Ki ciro ɗaya ki bar shi ya huce ki matsa da yatsa: in ya fashe ƙaras, ya yi; in ya lanƙwashe, da saura, kuma ƙarninsa zai dawo miki a cikin kwalba bayan wata guda; in ya yi baƙi, ƙauri ya shiga, babu madarar da za ta rufe shi, ki zubar ki huta. Farce a humra kamar daddawa ne a miya, shi kaɗai ba a marmarinsa, ya yi yawa ya ɓata, babu shi kuma abin ya zama salam. Mata biyu su sayi farce a buhu ɗaya, kowace ta soya nata, humrarsu ba za ta zo ɗaya ba. Daga nan bambancinki ya fara.

Haka itatuwa da saiwoyi: sandal, hawi, gabgab, dorot, ƙajiji, da su kanumfari da mahalab. Ki san kowanne shi kaɗai, ɗanye da kuma a kan garwashi, kafin ki haɗa shi da wani. A kan sandal ki buɗe ido sosai. Na ainihi asalinsa Indiya ne, na yankin Maisur ya fi suna, yanzu kuma ana nomansa a Ostireliya, kuma bishiyar kan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin zuciyarta ta yi man kirki. Abin da ke ɗaukar wannan lokaci ba ya araha. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan sandal farin itace ne aka jiƙa da sandaliya. Ki tsaga guda ɗaya ki shinshina cikinsa. Na gaske ƙamshin har zuciya, na jabu a fata kawai yake. Ba na ce kada ki yi aiki da na jabun ba, turaren wuta na yau da kullum da shi ake yi, amma ki saye shi a kuɗinsa, kuma kada ki ce wa mai saye sandal ne.

Akwai matakin da ake yawan tsallakewa saboda gajiya, turara kwaɓin. Garin sandal da farce da mahalab da kanumfari a kwaɓa su, a shafe cikin mazubi da kwaɓin, a kifa shi a kan kasko mai hayaƙin itace mai kyau, ana juyawa ana sake turarawa har hayaƙin ya ratsa, kafin a kai ga zuba turarukan ruwa irin su ɗan duwala da surratiya da sandaliya. Wannan hayaƙin shi ke ba humra zurfin da ake jinta daga nesa a san ba turaren kanti ba ne. Irin itacen da kika zaɓa ki turara da shi, da tsawon lokacin, duk sa hannunki ne. A turaren wuta kuma ki kula da sukari. Aikinsa ya riƙe mai a jikin itace ya kuma rage saurin cin wuta, ba ya zama shi ake ji ba. Ya yi yawa, ɗaki ya cika da ƙaurin alewa. Madara kuma ba a zuba ta tukunya na kan wuta, sai an sauke ya sha iska, in ba haka ba kan turaren maƙwabta za su shaƙe shi kyauta.

Kada kuma ki raina na bayan gida. Hano da ke fitowa a duwatsu, irin na wajen Mokolo, dangin bishiyar lubban ne da ake kawowa daga Oman da Somaliya, ƙaronsa yana da nasa ƙamshin mai ɗan lemo-lemo. Dashi ma yana ba da ƙaro mai ɗaci-ɗaci mai riƙe ƙamshi. Saiwar jema 'yar'uwar wadda ake tatsar mai daga jikinta a Haiti ce ana kai wa manyan gidajen turare na duniya, mutanen Mali da Senegal har a randa suke jefa ta don ruwa ya yi ƙamshi. Ki tsima kowanne daban, giram 10 a cikin giram 90 na alkol mai tsabta, ki rufe a kwalba ki ajiye a duhu, kina girgizawa lokaci-lokaci, bayan wata ɗaya ki tace. In a mai kike so, man zogale da man aduwa ba sa saurin yin ɗoyi, kuma tun zamanin Misirawan farko da su ake riƙe turare.

Ma'auni da littafi

Goggonki hannunta ma'auni ne, don shekaru sun saita shi. Naki bai kai nan ba tukuna, kuma ko ya kai, hannu ba ya gadon hannu. Ki sayi ƙaramin sikeli na lantarki mai auna har giram 0.01, irin na masu sayar da zinariya. Ki roƙe ta ta haɗa humrarta a gabanki, duk abin da ta ɗebo, kafin ta zuba ki ce "Goggo, tsaya in auna." Za ta yi miki dariya, ki jure. Ki manta da lissafin ɗigo da murfin kwalba, don ɗigon sandaliya mai kauri da ɗigon ɗan duwala ba nauyinsu ɗaya ba. Ko tola da muke saye da ita asalinta nauyi ce, wajen giram 11.7, amma a kasuwa kwalba ce kawai ake cikawa. Kowane haɗi ki rubuta shi a kan kashi 100, da kwanan wata da wurin da kika sayi kowane kaya.

Sannan ki horar da hanci, kuma a nan akwai hanyar da ban ga wadda ta fi ta ba. Wani gwani na garin Grasse a kudancin Faransa, Jean Carles, shi ya tsara ta, har yau da ita ake koyar da ɗalibai. Kaya biyu kawai za ki ɗauka, a ce man sandal da tsimin ƙajiji. Ki haɗa su a ƙananan kwalabe biyar: kashi 9 da 1, 8 da 2, 7 da 3, 6 da 4, 5 da 5. Ki bar su su kwana, ki ɗiga a takarda. A cikin biyar ɗin za ki sami ɗaya da ba ki jin sandal daban ƙajiji daban, wani abu na uku kike ji. Wannan ki riƙe, ki kawo kaya na uku ki sake yi da shi. Aiki ne mai cin rai, ba na ɓoye miki, kuma hanci ba ya iya fiye da 'yan takardu a zama ɗaya, gara da sassafe. Amma ta haka ake gina gindi daga ƙasa, har ki san dalilin kowane giram. Idan gindin ya tsaya, madara ɗaya ko biyu sun ishe ki ki ɗora a sama, kuma ki zaɓi marasa hayaniya, wardi zalla ko yasmin zalla, ba gamammen turaren wani ba.

Makaranta tana nan. Akwai makarantar turare ta ISIPCA a Basai (Versailles) kusa da Faris, wadda Jean-Jacques Guerlain ya kafa a 1970, akwai kuma wasu a Grasse. Suna son mai ilimin kimiyyar sinadarai, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Wanda Allah ya hore wa ya je, zai san ɗaruruwan sinadarai da mu nan sai dai mu ji sunansu. Amma ba za su koya miki suyar farce ba, kuma abin da za su sa ki yi a shekarar farko shi ne wannan na takarda da ƙananan kwalabe.

Na Allah da na masana'anta

Za ki ji masu cewa su kayansu duk na asali ne, ba sinadari. Yawanci ko dai ba su sani ba, ko suna talla. Farin miskin da muke zubawa a farar humra, mai kauri ko mai kama da ƙanƙara, ba daga cibiyar barewa ya fito ba. Tun 1888 wani Bajamushe mai suna Albert Baur ya gano miskin masana'anta yana cikin binciken abubuwan fashewa, barewar miski kuwa yanzu dokar duniya ce ke kare ta. Man wardi na gaske sai an tara furen da ya kai tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya. Itacen al'ul, wato oud, shi ma cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai da dabbobi ta CITES. Don haka wanda ya miƙo miki tolar al'ul a jaka biyu ya ce na daji ne, ki gaishe shi kawai. Ni ban ɗauki sinadari abin kunya ba. Turaren zamani gaba ɗaya a kansa ya tashi, tun daga turaren Faransa mai suna Fougère Royale na 1882. Ra'ayina, na Allah shi ke ba turare rai da 'yar gargada mai sa a waiwayo, na masana'anta shi ke ba shi tsawon numfashi da ɗorewa a kamanni ɗaya. Ki yi aiki da duka biyun, ki faɗa wa mai saye gaskiya.

Me kike son faɗa?

Kin ce kina so a ce haɗin wance ne. To wancen me take so a ji? Mai haɗa turare da ya fara daga "me nake da shi a shago" ba ya wuce kasuwa. Ana farawa ne daga wa zai sa, yaushe, a kan me. Humrar amarya da za ta hau fatar da ta sha dilka da hayaƙi daban take da wadda malamar makaranta za ta shafa ta shiga aji. Turaren da za a ɗora kaya a kabbasa a turara daban yake da na tsakar ɗaki lokacin baƙi. Kuma matanmu ba turare ɗaya suke sawa ba, hawa-hawa suke yi, na jiki, na gashi, na kaya, don haka ki bar wa sauran wuri, kada naki ya cika fili shi kaɗai.

Haɗin da aka fi sanina da shi a nan Marwa daga abu ɗaya ya taso, ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka bayan zafin bazara. Ba ni na fara sha'awarsa ba, a garin Kannauj na Indiya har gasasshen yumɓu suke dafawa su kama tururinsa a cikin man sandal. Ni da saiwar jema na bi, don ita ke da wannan damshin, na ɗaure ta da ƙajiji, hano ya ba ta ɗan haske a sama, farce kaɗan ƙwarai. Wahalar ba a zubawa take ba, a cirewa take. Duk lokacin da na sa banila sai mata su ce ya fi daɗi, ni kuma in ji ƙasar ta ɓace, an koma shagon alewa. Na cire ta. Wasu ba sa sonsa, sukan ce yana warin saiwa, kuma ban bi su da gyara ba. Turaren da kowa ya ce ba laifi, ba wanda zai hau mota ya zo nemansa. Dubi Bint El Sudan, tun 1920 yake, na mai ne ba alkol, ana yin sa a Kano, kuma mace ko a duhu ta ji shi ta san shi. Akwai masu ƙinsa, amma ba mai rikita shi da wani.

Masu zuwa da hoton kwalba a waya su ce "irin wannan nake so" ba za su ƙare ba, kuma cefane ba ya jira. Ki sayar musu, ki ce madarar kaza ce na tsinka miki. Sunanki dai kada ya hau wannan kwalbar. Ki ajiye shi domin haɗi ɗaya ko biyu da kika gina tun daga gindi. Kina da sa'a ma da inda kike zaune, matan Injamena da ke ƙetarowa Kusiri cikin humra suka tashi, hancinsu ba ya karɓar ƙarya. In suka dawo karo na biyu da kansu, kin kama hanya.

Inda ilimina ya tsaya

Ba zan iya shinshina humrarki daga nan ba, don haka duk abin da na faɗa kan dalilin gudunta hasashe ne daga bayaninki, takardun nan ne za su yanke hukunci. Kuma hanci ba ya gane duk abin da ke cutarwa. Man kanumfari da na kirfa suna ƙona fata in sun yi yawa. Man da aka matso daga ɓawon lemon tsami, in aka shafa aka shiga rana, yana iya barin tabo. A cikin tsoffin miskin masana'anta akwai musk ambrette, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa, ƙanƙarar miski kuma tana zuwa mana a leda ba takarda ba suna. Ni ba ni da ɗakin gwajin da zan tantance, abin da nake yi shi ne in tsaya ga dillalin da ke iya nuna mini takardar kaya, in kuma rage yawanta a abin da zai taɓa fata. Alkol ki saya a farmasi ko wurin masu kayan turare da kika amince da su, mai digiri 96, ban da na ƙonawa, don shi ana sirka shi da metanol, guba ce. Kowane sabon haɗi a gwada ɗigo a cikin gwiwar hannu a jira kwana ɗaya, wadda ta ga ja ko ƙaiƙayi ta wanke ta bari, in ya ci gaba ta ga likita, ba mai turare ba. Hukuncin salla da turare mai alkol kuwa malamai sun yi saɓani, ki tambayi malaminki, amma ta fuskar kasuwa ki tanadi na mai zalla, don da yawa shi za su nema.

Humra ba a sayar da ita ranar da aka haɗa. Ni ba na fitar da ita kafin sati huɗu, baƙar humra ma nakan bar ta fiye da haka, a kwalbar gilashi mai duhu, nesa da taga da kicin. Roba ki bar ta domin awon ranar sayarwa kawai, madara tana cinta. Daga kowane haɗi ki cire 'yar ƙaramar kwalba ki rubuta mata kwanan wata ki ɓoye. Ranar da dillalinki ya sauya kaya bai gaya miki ba, ko wata ta dawo ta ce na wannan karon ba kamar na wancan ba ne, da ita za ki gwada. Wajen sa kuɗi kuma ki lissafa har gawayi da kwalba da farcen da ya ƙone da satuttukan da kaya suka yi a ajiye, ba madara kaɗai ba. Ki fara da abin da bai wuce rabin lita ba, har sai haɗin ya ƙetare bazara ɗaya da damina ɗaya kin ji yadda yake a kowacce. Ki gaishe mini da goggo.